Ɗan Rago Maraya a Hannun Yara: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida Kusa da Tahoua

Gidan da yanayinsa

Gidan da wannan nazari ya shafa yana wani ƙauye kudu da birnin Tahoua, a ƙasar Adar, inda akasarin gidaje ke noman hatsi da wake da damina, su haɗa da kiwon ƙananan bisashe, wanda kuma ke da rijiya a fadama ya yi garkar albasa da rani. Mutum shida ne a gidan: maigida, da matarsa wadda ke da cikin wata shida a lokacin, da mahaifiyarsa, da yara uku, wato yarinya 'yar shekara tara, yaro ɗan shekara shida, da auta ɗan shekara uku. Ƙanen maigida, wanda a da shi ke kula da bisashen, ya tafi ci-rani tun bayan kaka kamar yadda samarin yankin da yawa ke yi, saboda haka garken ya koma hannun tsohuwa da yara.

Tumaki bakwai ne da awaki huɗu, cikinsu akwai jar akuya irin ta Maradi mai ɗa guda, wadda ake tatsa domin furar yara. Tunkiyar da ta mutu ta bar ɗan ragon maraya Uda ce, gabanta baƙi bayanta fari, kuma ita ce mafi girma a garken. Aikina shi ne zagayen ƙauyukan wannan gefe ina duba bisashe a ƙarƙashin wani likitan dabbobi, kuma da haka na bi lamarin tun daga safiyar farko har ranar da aka fitar da ragon daga gidan.

Daren haihuwa da yinin farko, tsakiyar Janairu

Cikin tunkiya wata biyar ne, kimanin kwana 150. Wannan ta ɗauki ciki a watan Agusta lokacin da ciyawa ke ko'ina, sai cikin ya tsufa a daidai lokacin da daji ya bushe, babu abin da take samu sai kara da ɗan abin da ta tsinto. Tagwaye ne a cikinta, amma ba wanda ya sani. Bayan sallar isha'i ta haifi na farko, namiji, na biyun kuma ya zo a karkace. Har tsakar dare ana fama kafin maigida ya jawo shi matacce, jini kuma bai tsaya ba. Kafin asuba aka yanka ta don kada ta zama mushe.

Kafin a sa mata wuƙa, tsohuwa ta durƙusa ta tatse abin da ke hantsarta, ta ɗiɗɗiga wa ɗan ragon a baki da yatsa. Da safe ta nuna mini iyakar inda dakashin, wato nonon farko, ya kai a ƙaramin kofin shayi, na zuba ruwa daidai nan na zuƙe da sirinji, ya ba ni mililita 60.

Da hantsi na iso. Na rataye shi a sikeli cikin zane, nauyinsa kilo 2.8. Zafin jikinsa digiri 38.2, alhali na lafiyayyen ɗan tunkiya yana tsakanin 39 da 40. Da na sa yatsa a bakinsa na ji shi da sanyi, amma yana iya ɗaga kai kuma yana ɗan tsotsa, wanda ke nuna za a iya ba shi abu ta baki ba tare da ya shaƙe ba. Daren Janairu a Tahoua yakan sauko zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, ga iskar hunturu, shi kuwa ya kwana da danshi a jiki domin uwar ba ta samu ta lashe shi ba. Muka goge shi da tsumma, muka sa shi a kwali da tsofaffin tufafi nesa kaɗan da kaskon wuta, na tsoma cibiyarsa a aidin.

Babbar matsalar ita ce dakashi. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki daga uwarsa, sai abin da ya sha a nonon farko, kuma hanjinsa yana iya shigar da wannan garkuwa cikin jini ne a sa'o'in farko kawai: ya fi karɓa a sa'a shida na farko, bayan sa'a 24 kuwa ƙofar ta kusa rufewa. Abin da ake so ya sha a yinin farko shi ne kimanin mililita 200 ga kowane kilo na nauyinsa, wato wajen 560 ga wannan. Aka yi sa'a akuyar maƙwabta ta haihu a daren jiya, suka yarda aka tatsi mililita 220, muka ba shi sau huɗu da sirinji ta gefen baki, a hankali. Jimillar abin da ya samu bai wuce rabin buƙatarsa ba, kuma akasarinsa ya zo a makare. Da la'asar zafin jikinsa ya kai 39.1, ya miƙe da ƙafafunsa.

Matar gida ce ta wanke tsummokaran haihuwar da safe kafin in zo. Na roƙe ta kada ta ƙara taɓa su, ko mabiyiya, ko ɗan ragon kansa, domin akwai cututtukan da ke fitowa a ruwan haihuwar tumaki waɗanda kan jawo wa mace ɓari. Wannan ya fitar da babban mutum guda daga aikin tun ranar farko.

Kwana 2 zuwa 4: neman uwar riƙo

Hanya mafi sauƙi ga maraya ita ce wata tunkiya ta karɓe shi. Akwai ɗaya a garken mai ɗa ɗan sati uku, sai aka gwada ta. An shafa masa nononta a kai da gindin wutsiya, an yayyafa masa ruwan gishiri a baya don ta lasa, an ɗaure ta a turke ana riƙe ta yana tsotsa. Tunkiya tana gane ɗanta ne da wari, kuma tana kama warin a sa'o'in farko bayan haihuwa, don haka wadda ta yi sati uku da nata ta riga ta san wanda ba nata ba. Da an sake ta sai ta sunsuna shi ta kai masa karo. A rana ta uku ta maka shi da danga, aka haƙura.

Jar akuyar takan tsaya idan an zuba mata dusa an riƙe ƙahonta, amma ɗanta ya fi maraya ƙarfi, kuma sai da manya biyu ake iya wannan sau shida a yini. Aka yanke shawarar a riƙa tatsar ta ana ba shi da kwalbar shayar da jarirai, wadda maigida ya sayo a kanti.

Kwana 5 zuwa 10: koko, sukari da zawo

Na bar umarni a wurin maigida: madarar akuya mililita 90, sau shida a yini, da ɗumi kamar na jiki. Ban tambayi wanda zai riƙa bayarwa ba. Shi kuwa yana fita garka tun da duku-duku domin ban ruwan albasa, ba ya dawowa sai magariba. Saƙon ya bi ta bakin matarsa zuwa yarinya, kafin ya isa gare ta ya koma "a ba shi madara in ya yi kuka."

Madarar akuya ɗaya ba ta isa ɗanta da maraya da furar yara uku ba. Sai aka fara cikawa da madarar gari ta ƙananan leda, ana damawa da ido, ana sa sukari don ya karɓa. Yawancin irin wannan madara mai araha an cire mata man shanunta an maye gurbinsa da man itatuwa, kuma idan aka tsinka ta da ruwa ba ta kusanci nonon tunkiya ba, wanda maiƙonsa ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, kusan ninki biyu na madarar saniya. Da aka ga ba ya ƙoshi, tsohuwa ta fara ba shi koko mai ruwa-ruwa da safe.

A waɗannan kwanaki yaran sun mai da shi ɗan ɗaki. Yana kwana a kan tabarmarsu. Yaron yakan rungume shi a rigingine kamar jariri ya ɗura masa kwalba, kuma ya faɗaɗa hujin robar da ƙaya don madarar ta riƙa zuba da sauri. Auta kuwa, idan aka ajiye kwalbar, sai ya ɗauka ya tsotsi abin da ya rage.

Zawo ya fara a rana ta 8. A ta 9 auta ma ya fara. A ta 10 na dawo na tarar da ɗan ragon a kilo 2.7, ƙasa da nauyin haihuwarsa, bayansa ya ɓaci da zawo mai ruwan ɗorawa, idanunsa sun faɗa, fatar wuyansa kuma idan aka ja ta sai ta daɗe ba ta koma ba.

Da na ce a daina koko, tsohuwa ta ce, "Malam, jaririn mutum ma koko ake ba shi in nono ya kasa. Shi wannan me ya fi shi?" Na ce mata, "Inna, cikinsa ne bai kai ba." Na yi mata bayani cewa babbar tunkiya tana da tumbin da ke sarrafa hatsi da ciyawa, amma na jariri ƙarami ne, bai fara aiki ba, madara tana wuce shi ne kai tsaye zuwa ciki na ƙarshe, kuma a makonnin farko hanjinsa ba ya iya narkar da garin hatsi yadda ya kamata, ba ya kuma narkar da sukarin shayi. Abin da bai narke ba sai ya ruɓe a hanji ya jawo ruwa, shi ne zawon. Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai ba ta iya jin kukan yunwa ta zauna. Ban ga laifinta a wannan ba.

Muka tsayar da koko da madarar gari a ranar. Na sa aka sayo fakitin gishirin zawo na kantin magani, wanda sukarin da ke cikinsa gulukos ne da hanjin ɗan dabba ke iya sha, ba irin na shayi ba. Aka riƙa ba shi mililita 80 na wannan ruwa, bayan sa'a biyu a ba shi madarar akuya zalla mililita 60, ana musanyawa haka dare da rana. Ban yarda a yanke masa madara gaba ɗaya ba, domin ruwan gishiri yana mayar da ruwan jiki ne kawai, ba ya ciyarwa, kuma jikinsa ba shi da kitsen da zai jure yunwa. Auta kuma aka kai shi gidan likita, aka ba shi ruwan gishiri da ƙwayar zinki ta kwana goma, ya warke cikin kwana uku. Wasu daga cikin ƙwayoyin cutar da ke sa 'ya'yan dabbobi zawo suna kama mutum, musamman ƙaramin yaro mai kai hannu baki, saboda haka tun ranar aka fitar da ɗan ragon daga ɗaki.

Kwana 11 zuwa 23: sabon tsari

Wannan karon na zauna da waɗanda ke gidan da rana, ba da maigida ba. Tsohuwa ta karɓi tatsa da awo. Na kankare layi a jikin kwalbar da wuƙa a daidai mililita 100, domin lambobin da ke jiki ba su yi mata amfani ba. Yarinya ta karɓi riƙe kwalba, da wanke ta da ruwan zafi da sabulu bayan kowane sha, ta kife ta a kan rumfa inda auta ba ya kaiwa. Yaro ya karɓi sharar wurin kwana da sauya shimfiɗar kara da cika kwanon ruwa. Auta an bar shi ya shafa bayansa idan akwai babba a wurin, sannan a wanke masa hannu. An ajiye buta da sabulu a bakin shingen.

An sayi sabuwar roba mai ƙaramin huji, irin wadda in an kife kwalbar madarar ke ɗiga ba ta zuba ba. Na nuna wa yarinyar yadda zai sha yana tsaye da ƙafafunsa huɗu, kansa a ɗan ɗage kamar yana ƙarƙashin uwa, domin idan aka kwantar da shi a rigingine madara na iya bin hanyar numfashi ta shiga huhu. Takan ɗiga madarar a bayan hannunta kafin ta ba shi, in ta ji ba zafi ba sanyi to ta yi.

An kewaye masa wuri da zana a gefen garke, inda iska ba ta bugawa amma yana ganin sauran tumaki yana jin kukansu. Madarar akuya gaba ɗaya ta koma tasa da ta ɗanta, aka ƙara wa akuyar dusa da harawa, furar yara kuma aka koma sayen nono a wurin Fulani. Wannan kuɗi ne da gidan bai shirya fitarwa ba, kuma akwai ranakun da yaran suka sha fura da ruwa.

Zawo ya tsaya a rana ta 13. A ta 17 nauyinsa kilo 3.6, a ta 23 kuma 4.5. A hankali aka rage yawan shan zuwa sau huɗu, kowanne mililita 200. Tun daga rana ta 14 aka fara ajiye masa ɗan ganyen harawa mai laushi da dusa cikin tafin hannu, ba don ya ƙoshi ba, sai don taɓa-taɓar busasshen abinci ita ce ke tayar da tumbi ya fara girma.

Rana ta 24: kumburin ciki

Ranar akwai biki a maƙwabta, tsohuwa ta fita tun azahar bayan ta ba shi nasa. Yarinya ta dawo daga makaranta, ba ta san an ba shi ba, ta ɗumama ta ba shi. Yaron kuma, da ya ji yana kuka, ya juye sauran madarar da ke ƙwarya ya ƙara masa. Maraya mai shan kwalba ba ya ƙin madara, kuma kukansa ba shaidar yunwa ba ce, da ya hango wanda ya saba ba shi sai ya yi. Cikin sa'a biyu ya sha abin da ya haura rabin lita.

Kafin magariba cikinsa ya yi tam, idan aka ƙwanƙwasa yana ƙara kamar ganga, yana tsaye ya ƙame yana cizon haƙora. Ɗan da ke tare da uwarsa yana tsotsa kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Idan aka zuba madara mai ɗumi da yawa a lokaci guda, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa suna samun sukarin madara fiye da kima, su hura iska da sauri fiye da yadda za ta fita. Wannan ciwo ya fi kama masu shan kwalba 'yan sati biyu zuwa huɗu, kuma yakan kashe cikin sa'o'i kaɗan.

Maigida ya kira ni, na kira likitan da nake ƙarƙashinsa, na bi abin da ya ce: ɗan man gyaɗa ta baki a hankali, allura guda, a riƙa murza cikin ana zagayawa da shi, kuma ba madara sai gobe. Yarinyar ce ta riƙe fitila har wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, tana kuka ba sauti. Yaron ya ɓuya bayan rumbu, sai da uban ya je ya ɗauko shi. Da ya ce, "Baba, ni na kashe shi?" uban ya ce masa bai mutu ba, kuma ko da ya mutu laifin na manya ne da ba su bar alama ba. Wajen tsakar dare cikin ya fara sassautawa, ya yi kashi.

Washegari tsohuwa ta kawo dabarar da ta fi duk abin da na tsara. Ta ɗauko ƙoƙo biyu ta rataye a jikin zana, ta zuba tsakuwa huɗu a ɗaya. Duk wanda ya ba shi madara sai ya ɗauke tsakuwa guda ya jefa a ɗayan, kuma ba a bayarwa sai bayan sallar asuba, da hantsi, bayan la'asar, da bayan isha'i. In ƙoƙon farko ya zama wayam, to an gama na ranar, ko zai yi kuka har gari ya waye. Yaron ne ke mayar da tsakuwoyin kowace safiya. Kumburi bai sake dawowa ba.

Sati 5 zuwa 10: yaye

A sati na biyar aka fara ganinsa yana tuƙa, alamar tumbi ya kama aiki. Aka ƙara masa harawa da kowar wake da dusa, da ɗan dakakken 'ya'yan gawo, ruwa kuma a gabansa kullum. Da rana ana sakinsa cikin garke tare da ɗan akuyar da ɗayan ɗan tunkiyar, kuma a wurinsu ya koyi cin abin da ya ƙi karɓa a hannun mutum. Tsakuwa ta koma uku a sati na shida, biyu a na takwas, ɗaya a na tara. A ƙarshen Maris, yana ɗan sati goma da nauyin kilo 11, aka ajiye kwalba. Ya yi kwana uku yana bin yarinyar yana kuka, nauyinsa ya tsaya na sati guda, sannan ya ci gaba.

Afrilu zuwa Satumba: suna, rigakafi da karo

Matar gida ta haihu lafiya a watan Afrilu. Ana saura kwana biyu a yi suna, yaron nan ɗan shekara shida ya ƙi cin tuwo, da aka matsa masa ya ce ya ji ana maganar rago. Kakarsa ta ce masa nasu bai isa yanka ba, wani za a yanka. Maigida ya yi amfani da wannan dama ya tara yaran ya gaya musu gaskiya: ragon ba zai dawwama a gidan ba, za a turke shi a sayar kafin layyar baɗi, kuma da kuɗinsa za a mayar da tunkiyar da aka rasa. Layyar shekarar da aka haife shi ta faɗo yana ɗan wata biyar, kuma a mazhabar Malikiyya abin da aka fi sani shi ne rago sai ya cika shekara kafin ya isa layya, don haka babu wanda ya yi maganarsa.

Da ya cika wata huɗu aka yi masa allurar rigakafin annobar ƙananan bisashe, wadda likitoci ke kira PPR, cutar da hukumomin duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawar da ita. Da damina ta sauka aka ba shi maganin tsutsar ciki tare da sauran garken. A wata na shida nauyinsa kilo 20.

Matsalar da ta biyo baya ba ta ciwo ba ce. Tun yana ƙarami yaron ke wasa da shi yana tura masa goshi da tafin hannu, shi kuma yana turowa, kowa na dariya. Ragon da uwa ta raina yana ɗan shakkar mutum, yana ja da baya idan an matso, amma wanda ya tashi a hannu bai san wannan shakka ba, yana ɗaukar mutum abokin karonsa. A watan Agusta, ƙahonsa ya fito, ya ja da baya ya kai wa auta karo a ƙirji a tsakar gida, yaron ya faɗi ya fasa leɓe. Ba a yi masa fiɗiya ba domin mai sayen ragon layya ya fi son cikakken rago mai ƙaho. Sai aka ɗaure shi a turke, aka hana taɓa masa kai da goshi kwata-kwata, abinci kuma a zuba a kwano daga wajen da igiya ba ta kaiwa, ba a hannu ba. Auta da jaririya ba sa zuwa gefen. Bai daina halin ba, an dai raba shi da inda zai yi ɓarna.

Turka da sayarwa

Bayan kaka aka adana masa harawar wake a kan rumfa. Wata uku kafin layya aka tsananta turka da harawa da dusa da ɗan kanwa a ruwa. Yana ɗan wata goma sha shida ya kai kilo 42, ɗan ƙasa da tsaransa wanda uwa ta shayar. Maigida ya kai shi kasuwar Tahoua ranar Lahadi, ya tafi da yaron bisa roƙonsa. Yarinyar ta ce ba za ta je ba, ta zuba masa dusar safe ta wuce makaranta. Da kuɗin aka sayo 'yar tunkiya Uda, aka ce ta yarinyar ce, abin da ya rage kuma bai kai abin da aka kashe a nono da dusa da magani ba.

Hukunci

Abin da ya fara tsirar da shi shi ne dakashin nan na tsohuwa da na akuyar maƙwabta. Bai isa ba, kuma ina ganin ƙarancinsa na cikin abin da ya sa zawo ya kayar da shi da sauri haka, amma da babu shi sam da wuya ya kai sati. Gwajin uwar riƙo ya gaza ne domin lokacinsa ya wuce, ba domin an yi shi ba daidai ba, kuma kwana ukun da aka ɓata a kai sun ƙara raunana shi.

Sau biyu ya kusa mutuwa, kuma duka biyun ba sakaci ne ya jawo ba, tausayi ne da ba shi da ma'auni: koko da sukari don kada ya ji yunwa, ƙarin madara don ya daina kuka. Kuskuren farko nawa ne, domin na ba da awo da lambobi ga mutumin da ba ya gida, na tafi kwana biyar ban leƙo ba. Abin da ya gyara lamarin shi ne komawar awo hannun babba guda, da layin da aka kankare a kwalba, da tsakuwa huɗu da ko yaro ɗan shekara shida zai iya ƙirgawa.

Game da yaran, 'yar shekara tara ta iya shayarwa da wanki sosai muddin ba ita ke yanke yawan abin da za a ba shi ba. Ɗan shekara shida ya iya shara da ruwa da ƙirga, amma bai isa a bar shi da ƙwaryar madara ba. Ɗan shekara uku bai kamata ya kusanci kwalba ko shimfiɗa ba tun farko, kuma shi ne ya fi kowa cutuwa, da zawo da fasasshen leɓe. Wasan tura goshi ya kamata in hana shi tun ranar da na fara gani, ban hana ba domin ragon kilo biyar ne a lokacin. Gaya wa yaran makomarsa shekara guda kafin ranar ya sa ba a yi musu ƙarya ba, ko da yake bai hana yarinyar ƙin zuwa kasuwa ba.

Asalin matsalar kuwa ya riga haihuwa. Mafi yawan girman ɗan tunkiya a ciki yana faruwa ne a sati shida na ƙarshe, kuma wannan uwa ta yi su ne a kan busasshen kara da tagwaye a cikinta, ta iso naƙuda ba ƙarfi. 'Yar tunkiyar da aka sayo ta ɗauki ciki a damina mai bi, kuma tun farkon Disamba tsohuwa ta ware ta daga garke da yamma tana zuba mata rabin tiya na dusa da dami guda na harawa, yarinyar kuma ita ce ke kai mata.